Wa Muka Binne Ke Nan?

Laraba, 23 ga Afrilu, 2025

Mai unguwa ya tara maza a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗar iri, amma katangarmu ba ta hana magana shigowa. Wai ƙaramar hukuma za ta gyara rijiyoyi ta kuma haƙa famfon tuƙa-tuƙa a garuruwan da amai da gudawa ya yi kisa bara. Namu ba ya ciki. Wani ya tambayi dalili. Na ji Mai unguwa ya ce, "A takardarsu ba a rasa rai a nan ba."

Ba a rasa rai ba.

To wa muka binne ke nan?

Na ci gaba da ɓara, ashe ɓawon nake zubawa a ƙwarya, ƙwayar a ƙasa. Sai da Ramlat ta ce, "Umma, kin juya."

Ɗana muka binne. Shekararsa tara. Ɗan farina. Ba na kiran sunansa, haka aka raine mu, uwa ba ta kiran ɗan fari, balle kuma sunan kakansa aka mayar masa. Ko a nan da babu mai gani hannuna ba zai rubuta ba. Littafin nan ma nasa ne na makaranta, ya bar ganye da yawa bai cika ba. Sunan yana jikin bango da rubutunsa, na naɗe bangon da takardar siminti.

Rijiyar tana nan gindin tsamiya yadda take, bakinta a ƙasa, kwatar unguwa na bi ta gefenta. Ita Ramlat ke sha. Damina kuma ta kusa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kira ƙanwata Sa'adiyya a Bacirawa, ita ce ta yi karatu a gidanmu. Na yi niyyar kuka ne kawai, sai ta katse ni.

"Yaya Luba, akwai doka fa. Dokar 'yancin samun bayanai. Kowa zai iya rubuta wa ofishin gwamnati ya ce a nuna masa abin da ke rubuce."

Na ce dokar ta san mace mai aji biyu a sakandare?

"Ba ta tambayi aji ba. Ko dalili ba sai kin faɗa musu ba. Kwana bakwai suke da shi, in za su ƙi sai su rubuta miki dalilin ƙin."

Ta ce in yi kwafi biyu, in tabbata sun buga hatimi a nawa, kar in baro wajen babu shi ko da za a rufe ofis da ni.

Da magariba na kai wa Baban Ramlat tuwo na faɗa masa. Ya daɗe yana juya loma.

"Za ki dawo da shi ne?"

Na nuna Ramlat da haɓa, tana can tana wasa da murfin kwano. Na ce waccan nake so in riƙe.

"Ni ban aike ki ba. Ban kuma hana ki ba."

A gidan nan wannan izini ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na rubuta. Sau uku ina yagewa. Abu biyu na roƙa, a'a, ba roƙo ba, Sa'adiyya ta ce in daina cewa roƙo. Abu biyu na nema: mutum nawa suka kwanta kuma nawa suka rasu a garinmu bara, sai sakamakon ruwan da ma'aikata suka ɗiba a kwalba daga rijiyar gindin tsamiya, wanda har yau ba mu ji komai ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sakatariya. Ban taɓa shiga ba sai yau, wucewa kawai nake a mota in ga tuta.

Mai gadi ya ce, "Hajiya, wajen wa?" Na ce wajen masu takardun lafiya. Ya nuna min baranda mai tsawo.

Wanda na samu a tebur Malam Mudassir ake ce masa, gilashi a kan hanci, yana cin soyayyar gyaɗa daga cikin durowa. Ya karɓi takardata da yatsa biyu. Ya karanta, ya ɗago, ya sake karantawa.

"Da Hausa kika rubuto wa gwamnati?"

Na ce da Hausa ya yi ciwon, da Hausa ya rasu.

Ya ajiye gyaɗar. Sai ya sassauta murya: "Tsakani da Allah, Hajiya, wace ƙungiya ce ta turo ki?"

Na ce ni kaɗai ce ƙungiyar.

Wata mata a ɗaya teburin ta fashe da dariya har da dukan cinya. Ta ce, "Mudassir, yau ka haɗu da shugaba da sakatare a zani ɗaya."

Ya ce to in bar takardar za a duba. Na miƙa tawa na ce hatimi. Ya ce mai hatimi ya tafi suna. Na ce Allah ya raya, zan jira. Na zauna a benci. Mutane suna shiga suna fita. Aka kira azahar na yi salla a barandar, na dama furar da na taho da ita na sha, na dawo bencina. Duk ɗagowar da zai yi sai ya gan ni.

Can dai ya ja tsaki, ya jawo durowar nan ta gyaɗa, ya fito da hatimin. Ashe mai hatimin a cikin durowa yake zaman sunan.

Ya buga. Shuɗi ne, ya ɗan karkace. Ina ta dubansa a mota har gida.

Laraba, 30 ga Afrilu

Tantabarun yarona sun ƙare dawar da na zuba. Ban san wa ya ƙara musu ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Labari ya zaga gari. A bakin rijiya mata suka yi shiru da na iso, guga kaɗai ake ji. Wata ta ce, "Sannu da zuwa, lauya." Na ce yauwa, sannunki da shan kwata. Ban so na faɗa ba. Na so mana.

Inna, mahaifiyar Baban Ramlat, ta kira ni ɗakinta. Ba ta ce in zauna ba.

"Luba, a zaman makoki har yabonki aka yi. Aka ce ga 'yar mutunci, ɗan fari ya tafi ko hawaye ba a gani ba. Yanzu ki kwashi ƙafa ki je ofis cikin maza kina tone-tone? Wanda ya ba mu shi ya karɓa."

Na ce Inna, ban yi jayayya da wanda ya karɓa ba. Da masu cewa ba a karɓa ba nake yi.

Ta juya fuska bango. Inna ta fi kowa sonsa, a ɗakinta ya tashi, angona take ce masa. Ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba, sunan mijinta ne marigayi. Har yanzu tabarmarsa na naɗe a bayan gadonta, na gani.

Yabon nan da aka yi min. Da sun san a bayan rumbu na yi kukana, da zani a baki.

Talata, 6 ga Mayu

Kwana bakwai sun cika jiya. Na koma.

Malam Mudassir ya ce, "Ƙungiya ta dawo." Wai shugaban sashe ya tafi taro Kano. Na ce to a rubuta min haka, doka ta ce in ba a bayar ba a rubuta dalili. Ya ce, "Ke wa yake karanta miki dokar nan ne?" Na ce wadda kuka ƙi karantawa ce ta faɗo hannunmu.

Bai rubuta ba. Amma ya matsa min kujera maimakon benci.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na fara tafasa ruwan sha. Kara ya kusa ƙarewa, itace kuwa sai wanda ya gani. Ramlat ta kurɓa ta tofar, wai warin hayaƙi. Na ce ki sha ko in ɗura miki. Ta sha tana kuka. Daga baya na goya ta, ƙatuwa da ita, ƙafafunta har gwiwata.

Shi ban taɓa goya shi a gaban mutane ba. Sai in kowa ya fita.

Ba zan iya bin yarinya 'yar shekara biyar gida-gida ba. A islamiyya daga randa ɗaya suke sha da moɗa ɗaya, ruwan rijiyar gindin tsamiya ne a ciki.

Lahadi, 11 ga Mayu

Baban Ramlat ya dawo daga kasuwar Ɗanbatta ke nan ko ƙafa bai wanke ba, Mai unguwa ya yi sallama. Suka zauna a zaure. Na kai ruwa na tsaya bayan ƙyaure, Allah ya yafe min.

Wai an kira shi daga sakatariya an ce matar garinsa tana tayar da ƙura. Wai in muka ɓata da su, ko takin zamani aka kawo ba za mu gani ba. "Ka ja mata kunne. Mace da takarda, gobe kotu za ta kai mu."

Na ce shi ke nan, an gama da ni.

Sai na ji Baban Ramlat ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka tsaya a bayan liman ranar. Kai ka karɓi gaisuwa tare da ni. An yi jana'iza ko ba a yi ba?"

"An yi."

"To ita ma abin da take tambaya ke nan."

Da ya shigo bai kalle ni ba. Ya ce miyar yau gishiri ya yi yawa. Ban sa gishiri ba ma, na manta.

Laraba, 14 ga Mayu

Takarda ta biyu, Sa'adiyya ta faɗa min abin da zan rubuta ta waya: wa'adi ya wuce, ina jiran amsa ko dalili. Wannan karon hatimin bai je suna ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Ruwan farko. Gari ya yi ƙamshi, yara suna tsalle tsirara a lungu, maza suna ta duba sama suna maganar shuka. Da ni ma ina cikin masu murna.

Na yafa buhu na tafi gindin tsamiya. Na tsaya ina kallo da idona: kwatar ta cika, ta kwaso duk abin da ke bayan gidaje, ta zo ta kewaye bakin rijiyar, tana zirara ciki ta wajen da dutsen ya zame. Siririya, ba ta ko ƙara.

Na tara ƙasa da hannu na toshe. Ruwa ya cinye. Na sake. Wani tsoho da zai wuce ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ci gaba da tara ƙasa.

Na hana Ramlat islamiyya sai an ga hali. Inna ta ce yanzu kuma karatun Alƙur'ani zan hana. Na ce zan biya mata da kaina.

Talata, 27 ga Mayu

Sun amsa.

Malam Mudassir da kansa ya raka ni ofishin shugaban sashen lafiya, Alhaji Kamaruddeen. Na zaci zan ga ƙaton mutum mai tsawa. Wani siriri ne mai furfura, idonsa ja kamar bai yi barci ba, fanka a kansa ba ta juyawa.

"Ke ce Luba mai takarda? Tun da nake aikin nan ba a taɓa nemana da dokar nan ba. Sai da na sa aka nemo min ita na karanta."

Ya ba ni ganye biyu da Turanci, ya fassara min layi-layi. Waɗanda suka kwanta a garinmu, talatin da bakwai. Waɗanda suka rasu, babu. Ruwan rijiyar gindin tsamiya: an gwada, gurɓatacce ne, bai kamata a sha ba.

Na ce yaushe aka gwada?

"Bara, cikin damina."

Na ce tun bara kuka sani?

"Mun rubuta sama, Hajiya."

Na ce mu a ƙasa muke shan ruwan, Alhaji.

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce kuɗin gyara kaɗan ne, aka ce a fara da inda aka yi asarar rai. Na ce an yi a gidana.

Ya jawo babban littafin asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Ya ce ba zai nuna min sunayen mutane ba, dokar da na zo da ita ita ta hana, ciwon kowa sirrinsa ne. Ya rufe shafin da takarda ya bar layi ɗaya. Ya ce tun da labarina ya iso masa yake neman yaro a ciki, wannan kaɗai ya samu da bai gane ba.

Namiji. Yaro. Wajen suna fari fat. A ƙarshe an rubuta: 'yan uwa sun ɗauke shi.

"Wanda ba mu da sunansa, ba mu san ƙarshensa ba, ba mu da ikon sa shi a matattu. Ko kin san waye?"

Duk bakin nan nawa da na yi wata guda ina wasawa. Na kalli farin wajen nan. Na naɗe takarduna na fito, ko sallama ban yi ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na sani mana.

Da hantsi ne. Asibitin ya cika har waje, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, ledojin ƙarin ruwa a rataye jikin rassa. Ma'aikaciya ɗaya ce, Sista Maijidda, biro a baki, littafi a hammata. Ni da Inna muka kawo shi, maza suna gona. Idonsa ya faɗa, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa.

Ta durƙusa tana neman jijiya ta ce, "Sunansa?"

Na kalli Inna. Inna ta kalle ni.

"Sunansa, bayin Allah!"

Na ce ɗan gidanmu ne. Inna ta ce jikana ne. Wata ta ƙwalla ihu a bayanmu, Sista ta ɗaura masa ruwan ta ruga. Ba ta yi sakaci ba, har abada ba zan ce ta yi ba. Ruwa ta sa masa kafin ta rubuta komai.

Kafin azahar ya cika. Hadari ya haɗo, baffanninsa suka iso daga gona suka ce a yi sauri a suturta shi kafin ruwa ya sauko. Suka naɗe shi a zanina suka fita ta baya. Babu wanda ya tuna da Sista. Wa zai tuna?

Mata biyu da suka fi kowa sonsa a duniya, a kansa, an rasa mai faɗa.

Ba zan ce laifina ba ne. Abin da aka koya min na yi, kuma kowa ya yaba. Su ma da sun turo mutum ɗaya ya tambaya, ko akuyar garin nan ta san gidan da aka yi makoki. Amma haushi nake ji, ban san wa zan ba shi ba.

Akwai ranar da ya ce min, "Umma, me ya sa kowa kina kiransa, ni sai ki ce kai?" Ina tankaɗe. Na ce je ka tambayi Inna. Ya tafi yana dariya.

Asabar, 31 ga Mayu

Sa'adiyya ta ce ana gyarawa. A kawo Sista, a kawo Mai unguwa shaida, a cike layin. Ta ce, "Ba sai ke kin faɗa ba, Yaya. Mai unguwa ya faɗa, ke ki sa hannu." Haka za a yi.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar salla. Bara shi ya riƙe ƙafar ragon, ya ɓata sabuwar rigarsa da jini, na yi faɗa. Yau na ga Baban Ramlat a bayan ɗaki da dawa a aljihun babbar riga, yana watsa wa tantabaru. Ya gan ni, na gan shi. Ya ce, "Suna ɓata min bango ne." Na ce haka ne.

Gida biyu a unguwar gabas yara suna gudawa. An ce nama ne. Allah ya sa nama ne.

Talata, 17 ga Yuni

Mun je. Ni, Mai unguwa yana ta ƙunƙuni wai an raba shi da noman fari, sai Inna. Ban gayyace ta ba. Na fito na tarar ta yafa mayafi tana zaune a zaure da sandarta. Ta ce, "In za ki zubar mana da mutunci gara in gani da idona."

Malam Mudassir ya ga mu uku ya ce, "Ƙungiya ta yi mambobi."

Sista Maijidda tana ofishin Alhaji. Ta rame. Tana ganina ta gane ni. Ta ce ta daɗe tana tunanin yaron nan na gindin darbejiya, ta dawo da wata ledar ruwan ta tarar da tabarma kawai. Ta yi ta fatan sauƙi ya samu. Na ce bai samu ba. Ta ce inna lillahi, ta share ido da bakin hijabi.

Ta buɗe littafin, ta cire murfin biro da haƙori, kamar ranar.

"Sunansa?"

Aka kalli Mai unguwa. Ya gyara zama. "To, yaron nan ne dai, mai tantabaru. Jikan marigayi Malam. Ɗan fari ne ko? Sunan na bakina wallahi, yaran ne da yawa..."

Mai tantabaru.

Ban shirya ba. Na ji murya ta faɗa, cikakke, da na yanka da wanda ake kiransa da shi, da ƙarfi har matar ɗaya ofishin ta leƙo. Ashe tawa ce. Sista ta ce in maimaita a hankali. Na maimaita. Ta ce shekaru, na faɗa. Ta ce ke wace ce tasa? Na ce ni na haife shi.

Ban kalli Inna ba. Ƙarar carbinta kawai na ji ta tsaya.

Alhaji ya ja layi a kan babu, ya rubuta ɗaya, ya sa hannu, Mai unguwa ya sa. Na ce a ba ni kwafi da hatimi. Malam Mudassir ya riga ya ɗauko, bai jira an aike shi ba.

Na ce to famfon fa? Alhaji ya ce zai sa garinmu a jerin, amma shi ba ya alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Rijiyar dai zai turo a rufe cikin satin nan, wannan ikonsa ne. Na ce a rubuta. Ya yi murmushi ya rubuta.

A mota Inna ta juya fuska taga har gida.

Alhamis, 19 ga Yuni

Inna ta ƙi cin tuwona jiya. Yau da rana ina tsince wake ta zo ta zauna a gefen tabarmar, ta ja tiren wajenta. Muka daɗe muna tsinta.

Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni tun ina yarinya aka kawo ni gidan nan. Har Malam ya koma ga Allah ban faɗi sunan nan ba ko sau ɗaya."

Na tsince wani ɗan dutse na jefar.

"Yaya yake a baki?"

Na ce ba nauyi, Inna. Gajere ne ma.

Ta ce, "Marar kunya." Ta ci gaba da tsintar waken. Da daddare ta aiko Ramlat karɓar tuwo.

Litinin, 30 ga Yuni

Sun rufe rijiyar tun ranar Juma'ar waccan, murfin ƙarfe da kwaɗo. Yanzu sai famfon makarantar firamare, can bayan gonaki, jarka a ka ko a amalanke. Mata suna zagina a hanya, ina ji. Wadda ta ce min lauya ta ce na jawo musu ciwon wuya. Na ce wuya yana warkewa. Jiya kuma ita ta ɗora min jarkata.

Yaran unguwar gabas sun samu sauƙi. Ramlat ta koma islamiyya, na bi ta na ga inda ake cika randar.

Famfo shiru. Na rubuta takarda ta uku, ina neman a nuna min jerin garuruwan da ranar da za a fara. Ba na yagewa yanzu, sau ɗaya nake rubutawa.

Gero ya kai gwiwa. Tantabarun sun ƙyanƙyashe biyu, munana, duk baki. Ramlat ta ce nata ne. Na ce a'a, na Auwalu ne, aro zai ba ki. Babanta yana gefe yana gyara ƙotar fartanya. Ya tsaya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Haka ne, nasa ne."

Ba wani abu ba ne, sunan fita kawai ya yi daga bakina.

Takardar simintin da na naɗe bangon littafin nan ta jiƙe a hanyar sakatariya, ta ɓare. Akwai wata a bayan ɗaki, sai dai laka, kuma ina da aiki.

Muhammad Auwal, aji uku. Rubutunsa ya fi nawa kyau.